DARASI: A Yi Wa Labari Shaida Kamar Yadda Ake Yi Wa Saniya

Kowane ɗayanmu ya san wani dattijo a kara wanda in ya zagaya sa sau ɗaya, ya dafa tozonsa, zai faɗa maka kuɗin da zai yi a Legas, kuma da wuya ya kuskure. Ya san mahaucin da ke biya ran da ya yi alkawari, ya san wanda sai an kai shi gaban sarkin fawa. Ya san mashayar da ke ƙafewa tun watan Fabrairu, ya san takardar da ake tambaya a kowane shinge. To, ran da ta Allah ta kasance, da wannan sani duka ake rufe shi. Bayan sadakar arba'in sai ka ga magada suna bi rumfa-rumfa suna cigiyar wanda ke riƙe da kuɗin shanun da marigayi ya aika Kudu, kowa ya ce shi dai ya ji ana faɗa, amma bai shaida ba. Dukiyar marayu ta tafi ke nan, alhali kuwa wataƙila babu ɓarawo ko ɗaya a cikin zancen, rashin rubutu ne kawai.

Darasinmu na yau a kan maganin wannan ne, watau yadda ƙungiya za ta tara abin da 'ya'yanta suka sani a kundi guda, ta kuma yi wa kowane labari shaida domin a gane shi ran da aka neme shi. Za mu ɗauko misalanmu daga Umdurman da Hartum a ƙasar Sudan, daga nan mu dawo gida mu ga yadda ake aikin.

SANI IRI BIYU NE

Masu nazarin yadda ƙungiyoyi da kamfanoni ke tafiya sun kasa sani gida biyu. Akwai wanda ke cikin ido da hannu, kamar gane saniya mai ciki ko kimanta nauyin sa ba tare da sikeli ba. Wannan sai an zauna da maigida shekara da shekaru ake samunsa, takarda ba ta ɗaukarsa. Akwai kuma wanda baki na iya faɗa, alƙalami na iya rubutawa: farashin bajimi a Wudil ran Juma'ar da ta wuce, kuɗin lodi daga Potiskum zuwa Fatakwal, ranar da aka rufe iyaka, wanda ya karɓi shanu bashi da ranar da ya ce zai biya. Irin wannan na biyu shi muke asara kullum ba gaira ba dalili, domin ana faɗinsa a tasha da wurin mai shayi, a ji a watse, gobe wani ya faɗa ramin da ɗan'uwansa ya faɗa jiya.

ME YA KAI MU UMDURMAN?

Wani zai ce ina ruwan ɗan tugun Maigatari da Sudan? Da farko dai ƙasar ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa zuwa Makka, da yawa kuma suka zauna can. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa kuwa da sunansa ake kiransa. Hausawa sun yi noman auduga a Jazira, sun yi unguwanni a Hartum da Umdurman. Na biyu, cinikin dabbobinsu ya yi kama da namu ƙwarai da gaske.

Yamma da Umdurman akwai kasuwar Muwaili, wadda kafin yaƙin 2023 ita ce babbar matattarar dabbobin Sudan. A wancan lokaci, shanun Larabawan Baggara daga Darfur da Kurdufan nan suke ƙarewa. Daga Niyala ana koro su a ƙasa, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kimanin wata biyu a hanya, kuma cikin shekarun 1980 aka haƙa rijiyoyin burtsatse a kan wannan burtali da rancen Bankin Duniya. Daga Umdurman wasu su shiga mayankar birni, wasu a tsare su a turke a yi musu kiwon ƙiba, wasu su wuce Masar. Tumaki kuwa, irin Hamari da Kabbashi, sai a bi da su ta wuraren killace dabbobi na Kadaru da Sawakin, a sa su jirgin ruwa zuwa Jidda.

Tsakanin makiyayi da babban attajirin Umdurman akwai hannuwa da yawa. Akwai 'yan tugun ƙauye, akwai dillalai waɗanda suke kira sabbaba, akwai wakilin attajiri da ke zaune a kasuwannin yamma yana saye. Shugaban 'yan kore kuwa, wanda mu za mu ce madugu, su habir suke ce masa, ma'anar kalmar ita ce masani. Ka ga ke nan su ma sun gane abin da ake biyan mutumin nan dominsa: ya san ruwa, ya san ciyawa, ya san mutanen hanya.

DAMINI DA WASMI

Abu biyu ne suka riƙe amanar wannan doguwar hanya. Na farko shi ne damini, watau mai lamuni. A kasuwannin dabbobi na Sudan kowace ƙabila da ke kawo dabba tana da damininta, mutum sananne ga hukuma da 'yan kasuwa. Shi zai tsaya ya ce dabbar nan ta wane ce, ba ta sata ba ce. Ana ba shi ladansa a kan kowane kai, in kuwa daga baya maganar sata ta taso, wuyansa za a kama. Aikinsa ya yi kusa da na fatoma da sarkin zango a wurinmu. Wani mai bincike mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa babban jarin masu gidan baƙi da dillalan shanu na Sabo shi ne sanin wane mahauci za a ba bashi da wanda ba za a ba ba.

Na biyu shi ne wasmi, watau shaidar da ake yi wa dabba da wuta, abin da muke kira lalas. Kowace ƙabila da tata, kowane gida da ɗan abin da ya ƙara a kai. Har wani jami'in mulkin Ingilishi, H. A. MacMichael, ya tattara shaidun raƙuman ƙabilun Kurdufan ya buga littafi a kansu cikin 1913. Amfanin wasmi a fili yake. Raƙumi dubu na tsaye a fili guda, mai nema ba sai ya buɗe bakin kowanne ya duba haƙora ba, shaidar kawai zai bi da ido. Dabba guda kuma tana iya ɗaukar shaida biyu ko uku, ta ƙabila, ta gida, da ta wanda ya saye ta daga baya.

Ku riƙe waɗannan biyu, domin su ne darasin namu gaba ɗaya. Kowane labari da zai shiga kundin ƙungiya yana bukatar damini, watau wanda ya tsaya masa. Yana kuma bukatar wasmi, watau 'yan kalmomin da za a gane shi da su cikin dubu.

YADDA SANI KE SALWANTA

Sudan ta nuna mana hanyoyi uku da sani ke bi ya ɓace.

Hanya ta farko ita ce a dogara ga hukuma ta ajiye mana. Cikin 1977 gwamnatin Sudan ta kafa Hukumar Kasuwancin Dabbobi da Nama, wadda ta riƙa kula da manyan kasuwanni, tana kuma tattara farashi da yawan dabbobin da ke shigowa. Cikin 1992 aka rushe ta, aikinta ya rarrabu. Hukuma da sa hannu ɗaya ake kafa ta, da sa hannu ɗaya ake kashe ta. Ƙungiyar da ba ta da nata lissafi, ran nan sai ta koma tambayar 'yan kamasho.

Hanya ta biyu ita ce a tara takardu a jibge ba tsari. Gwamnatin Mahadi da Halifansa Abdullahi, wadda ta zauna a Umdurman daga 1885 har yaƙin Karari ran 2 ga Satumba 1898, ta bar wasiƙu da rajistocin baitulmali masu ɗimbin yawa. Amfaninsu bai fito sosai ba sai da aka sami masu zama su jera su, su sa musu lamba, su yi musu fihirisa. Babba a cikinsu shi ne Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim, wanda ya shugabanci gidan adana takardun tarihi na Hartum shekaru masu yawa. Mu ma a ofisoshin rassanmu akwai buhunan rasit da takardun taro, amma in ka ce wa sakatare ya fiddo maka maganar da aka yanke kan kuɗin la'ada shekara biyar da suka wuce, sai ya yini yana atishawa cikin ƙura bai samu ba.

Hanya ta uku ita ce a ajiye kome wuri guda. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Mutane miliyoyi suka bar gidajensu, bankunan birnin suka rufe, yammacin Umdurman da hanyoyin da ke zuwa daga Darfur da Kurdufan suka zama fagen daga, kuma sai cikin Maris 2025 soja suka sake kama tsakiyar Hartum. Cikin Mayu 2023 ɗakin littattafai na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone. Cikin Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Ku ƙaddara ɗan kasuwar da ya ba da shanu bashi, littafinsa na cikin shagon da ya gudu ya bari, mai lamuninsa na Masar, wanda ake bi yana Cadi. Amma akwai abin lura: 'yan shekaru kafin yaƙin, wani shiri mai suna Sudan Memory ya ɗauki hotunan takardu da littattafai masu yawa daga gidajen adana tarihi na ƙasar, kuma da yake kwafin ba a Hartum kaɗai yake ba, yaƙin bai cinye shi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA AKE BUƊE KUNDI

Abin da ake bukata kaɗan ne: babbar rajista mai bango mai ƙarfi, kwalin katuna, da malami guda mai riƙon amana. Kowane reshe ya buɗe nasa. Duk ɗan ƙungiya da ya dawo daga tafiya, ko ya ga wani abu a kasuwa, ya tsaya wurin malami minti biyar ya ba da labari. Wanda bai iya boko ba ya faɗa da baki a rubuta masa, wanda ya rubuto da ajami ko Faransanci ko Larabci a karɓa a manna, malami ya sa fassara a ƙasa. Ana rubutawa ne bi da bi, labarin yau ƙarƙashin na jiya, kowanne da lambarsa, ba a tsallake layi, ba a yage shafi. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, a rubuta gyara a sabuwar lamba.

Kowane labari ya ƙunshi abu shida. Ga misali, wanda muka ƙaga domin koyo kawai:

Lamba: 52.
Rana: ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza.
Wuri: Maigatari, kasuwar Alhamis.
Mai labari: Wane, mai katin ƙungiya lamba kaza. Da idonsa ya gani.
Labari: Shanu uku cikin wani garke suna dalala da ɗingishi. Malamin dabbobi ya duba ya ce boru ne, an ware su, an hana lodinsu.
Kalmomin shaida: BORU, MAIGATARI, DAMINA, MALAMIN DABBOBI.

Ku lura da layi na huɗu. Dole malami ya tambaya, “Alhaji, gani ka yi ko ji ka yi?” ya kuma rubuta amsar. Labarin da aka ji ana iya shigar da shi, amma a rubuta cewa ji aka yi, a kuma faɗi daga bakin wa. Labarin da ba shi da mai tsaya masa kamar saniyar da ba ta da damini ce, kada a bari ya shiga kara.

KALMOMIN SHAIDA DA KATUNANSU

Nan ne gishirin aikin yake. Bayan shekara guda kundin zai kai labari ɗari biyar ko fiye, ba mai iya karanta shi daga farko duk ran da tambaya ta taso. Da a ce aljihun kabad aka yi, wannan na cuta, wannan na kasuwa, to labari na 52 ina za a sa shi? In an sa shi a aljihun cuta, mai neman labarin Maigatari ba zai gan shi ba. Kalmar shaida ta raba wannan gardama, domin labarin na nan inda yake a rajista, shaida ce kawai ake yi masa uku ko huɗu, ta kowacce aka biyo sai a iske shi.

Ga yadda ake yi. Kowace kalma a ba ta kati guda, a rubuta ta a sama da manyan baƙaƙe, a jera katunan bisa abacada. Duk ran da aka yi wa labari shaida da wata kalma, sai a ɗauko katinta a rubuta lambar labarin. A ƙaddara katin BORU na ɗauke da 4, 19, 37, 52, katin MAIGATARI kuma na ɗauke da 7, 19, 30, 52, 61. Wani ya zo ya ce, “Malam, sau nawa boru ya ɓulla a Maigatari?” Sai a aza katunan biyu gefe da gefe, a nemi lambar da ta fito a duka biyun: 19 da 52. A buɗe rajista a karanta masa, kafin shayinsa ya huce an gama. Wannan dabara wani Ba'amurke mai suna Mortimer Taube ya fito da ita a farkon shekarun 1950 domin tsara dubban rahotannin kimiyya, kuma irin wannan haɗa kalma da kalma kwamfuta ke yi a yau in an ce ta nemo abu.

Domin kada kalmomi su yi yawa su rikice, a kasa su dangi biyar:

1. Wuri: kasuwa, iyaka, burtali, mashaya. Misali MAI'ADUWA, ILLELA, MARAƊI, GAMBORU, MUBI.
2. Dabba: BUNAJI, RAHAJI, BOKOLO, AZAWAK, RAGO, RAƘUMI.
3. Al'amari: FARASHI, BASHI, SATA, HARAJI, CANJI, RUFE IYAKA, HAƊARIN MOTA, da sunayen cututtuka kamar BORU, CIWON HUHU, SAMMORE, HANTA.
4. Wanda abin ya shafa: KWASTAN, MALAMIN DABBOBI, DIREBA, MAHAUCI, DILLALI.
5. Lokaci: DAMINA, KAKA, RANI, BAZARA, AZUMI, LAYYA, KIRSIMETI.

ƘA'IDOJI HUƊU

Ta ɗaya, abu ɗaya suna ɗaya. In wani ya rubuta Damagaram wani ya rubuta Zinder, labarin gari guda ya rabu kati biyu, mai nema zai sami rabi ya ɗauka duka ke nan. A zauna a zaɓi ɗaya, ɗaya katin kuma a rubuta masa “duba DAMAGARAM”. Haka za a yi da Umdurman da Omdurman, da boru da ciwon baki da kofato.

Ta biyu, kada shaida ta gaza uku, kada ta wuce biyar. Saniyar da aka cika wa jiki da lalas fatarta ta ɓaci, kuma ba a gane ta kowa ce.

Ta uku, a guji kalmar da ta hau kan kome. SHANU ko KASUWA ko MATSALA ba shaida ba ce a wurinmu, domin kowane labari zai ɗauke ta.

Ta huɗu, ƙofar sabuwar kalma a buɗe take, amma da mai gadi. 'Yan ƙungiya su ne suka san abin da ke faruwa, saboda haka in sabon abu ya zo, kamar ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon 2023, mai labari na iya kawo kalmarsa. Malami ya rubuta ta da fensir, a taron wata a tabbatar da ita ko a haɗe ta da wata. Jerin kalmomin da aka amince da su a aika wa kowane reshe, domin katin Illela ya yi magana da katin Mubi.

RIBAR DA KE CIKI

Labari ɗaya ba ya nuna kome, amma in sun taru a kati sai hanya ta fito. Ku dubi zazzaɓin Kwarin Rift, cutar da sauro ke yaɗawa, mai sa dabbobi ɓari, mai kama mutane, musamman mahauta da makiyaya. Saboda ita Saudiyya ta hana shigo da dabbobin Sudan cikin 2000, ta sake cikin 2007, ta kuma sake cikin Oktoba 2019. An daɗe da sanin cewa cutar ta fi ɓulla bayan ruwa mai yawa da ambaliya. Ta kuma taɓa zuwa kusa da mu, domin cikin 2016 ta ɓulla a jihar Tawa ta Nijar. Ƙungiyar da katinta na AMBALIYA da na ƁARI da na HANA FITA suke cike, tana iya gaya wa 'ya'yanta su sassauta saye tun kafin sanarwa ta fito, maimakon a tara dabba a rasa inda za a kai ta.

Haka maganar iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu, Nijeriya ta buɗe nata ɓangare cikin Maris 2024. Wa ya rubuta yadda farashin sa ya motsa a Mai'aduwa cikin makon farko, da wata na uku, da ran da aka buɗe? Kowa na da abin da ya tuna, kuma ba mutum biyu da tunaninsu ya zo ɗaya. Bugu da ƙari, ran da shugabanni za su je gaban hukuma kan yawan shingaye, wanda ya ce “ana damunmu” daban yake da wanda ya ajiye labari arba'in, kowanne da rana da wuri da lambar rasit.

ABIN DA BA A RUBUTAWA

Kundi na da haɗarinsa, kada mu ɓoye. Kada a taɓa rubuta wanda zai tashi da kuɗi, ko ranar da zai tashi, ko hanyar da zai bi. Labarin hanya bayan an sauka lafiya ake ba da shi. Kada a tilasta wa kowa faɗin jarinsa ko ribarsa ko sunan abokin cinikinsa, wannan sirrinsa ne. Abin da ake nema shi ne wanda in ka faɗa ba ka rasa kome ba, ɗan'uwanka kuwa ya tsira.

Maganar bashi da sata ita ta fi wuya, domin mutuncin mutum ne a ciki. A yi mata rajista dabam a hannun shugaba da sakatare. Kada a sa sunan kowa sai da shaidu biyu, a kuma kira shi a ji ta bakinsa a rubuta. In ya biya, a rubuta AN BIYA da jan alƙalami a gaban lambar nan take. Reshen da ya bari kundinsa ya zama wurin ramuwar gayya, cikin wata uku ba mai sake kawo masa labari.

WAYA DA KWAFI

Yawancinmu yanzu muna cikin zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa, kuma labari na gudu a can fiye da ko'ina. Amma muryar da aka aika ba a iya nemo abin da ke cikinta da kalma, in waya ta faɗa ruwa ko an sace ta kuwa, sau da yawa shi ke nan. Saboda haka duk wanda ya aika murya ya bi ta da layi ɗaya na rubutu mai ɗauke da kalmomin shaida, kamar BORU MAIGATARI DAMINA, domin a iya nemowa. Malami kuma ya riƙa kwashe masu muhimmanci yana shigarwa rajista kowane mako. Reshen da ke da kwamfuta ya zuba kundin a ciki, amma kada ya yar da takarda.

Daga ƙarshe, kwafi. Ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton sababbin shafuka da katuna a aika wa wani reshe da ke wani gari, in da hali ma a ƙetaren iyaka, su ma su aiko nasu. Gobarar kasuwa ba baƙuwarmu ba ce, ambaliya ma haka, abin da ya sami Umdurman kuwa ba wanda ya yi tsammaninsa ran 14 ga Afrilu.

TAMBAYOYI DA AIKI

1. Mene ne aikin damini a kasuwannin Sudan, kuma wa ke yin irinsa a kasuwarku?
2. Kawo hanyoyi uku da sani ke bi ya salwanta. Wacce ta fi kusa da reshenku?
3. Katin SATA na da 3, 11, 26, 40. Katin BURTALI na da 8, 11, 33, 40. Katin RANI na da 2, 26, 40. Wane labari ne ya shafi sata a burtali da rani?
4. Tirela ta faɗi da shanu a hanyar Lakwaja ana saura mako guda Kirsimeti, direba ya ce burki ne. Waɗanne kalmomi huɗu za ka sa?

Aikin kowane reshe kafin fitowa ta gaba shi ne ya zauna ya fitar da kalmomi talatin na farko, ya aiko wa sakatare domin a daidaita su. Sannan a zaɓi dattawa biyu mafiya daɗewa a kara, malami ya je har gida da goronsa, ya ce, “Baba, mun zo ɗaukar karatu.” A fara da su, labari na 1 ya zama nasu, tun suna nan ana iya komawa a ce ba a gane wuri kaza ba.

Sai mun sake saduwa. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.